Élie Metchnikoff: masanin da ya bi sawun tsufa daga ƙayar wardi zuwa ƙwaryar nono

Duk wanda ya yi yawo ba takalmi yana yaro ya san aikin ƙaya idan ta karye a tafin ƙafa. Wurin ya ɗau zafi, ya kumbura, bayan kwana biyu ya tara mugunya, a matse, ƙayar ta biyo ta waje. Shekaru aru-aru yawancin likitoci suna ɗaukar wannan kumburin a matsayin ɓarna, abin da ya kamata a danne. Wanda ya zo ya nuna da hujja cewa yaƙi ne jiki ke yi don kare kansa ko takardar likita bai da ita. Masanin dabbobi ne daga daular Rasha, kuma da ƙaya ya kafa hujjarsa.

Sunansa na yanka Ilya Ilyich Mechnikov, Faransawa suka mai da shi Élie Metchnikoff. Shi ne ya raɗa wa ilmin nazarin tsufa sunan da ake kiransa da shi har yau, shi ne kuma ya sa mutanen Turai da Amurka suka rungumi nono mai tsami da fatan daɗewa a duniya. Ya yi kuskure a wurare da dama, har wani kuskuren ya ja wa mutane asarar rai. Amma ya bar wata tambaya: shin dakarun da ke kare jiki a ƙuruciya su ne ke cinye shi a tsufa? Sai da aka yi kusan shekara 100 kafin masu bincike su koma kanta da gaske.

An haife shi ranar 15 ga Mayu, 1845, a ƙauyen Ivanovka da ke yankin Kharkiv, cikin ƙasar Yukren ta yanzu. Shi ne auta cikin 'ya'ya 5. Mahaifinsa hafsan sojan fadar sarkin Rasha ne, mahaifiyarsa Emilia kuwa 'yar wani marubuci Bayahude ce mai suna Lev Nevakhovich. Yaron ya so karatun likita, amma uwar ta ga zuciyarsa ba za ta jure ganin wahalar marasa lafiya ba, sai ta karkata shi zuwa ilmin halittu. A jami'ar Kharkiv ya gama karatun shekara 4 cikin shekara 2, yana ɗan shekara 19, ya wuce Jamus.

Tun a can halinsa ya bayyana. Yana aiki a garin Giessen ƙarƙashin Rudolf Leuckart, babban masanin tsutsotsi, sai malamin ya buga wani binciken da Metchnikoff ke ganin nasa ne. Ɗalibin bai haɗiye ba, ya fito a rubuce ya zargi malaminsa. Haka ya rayu, mai kaifin basira, mai saurin fushi, mai ɗaukar suka kamar sara. A Giessen ɗin ne kuma ya lura da wani abu a jikin wata tsutsa mai faɗi: ƙwayoyin jikinta da kansu suke haɗiye abinci su narkar da shi a cikinsu. Ya ajiye wannan a ransa. Daga nan ya tafi Naples a Italiya, inda shi da abokinsa Alexander Kovalevsky suka yi ta nazarin yadda ƙananan halittun teku ke girma daga ƙwai, aikin da ya ba su lambar yabo ta Baer a 1867. A 1870 ya zama farfesa a jami'ar Odessa, yana ɗan shekara 25.

Gida kuwa babu daɗi. Matarsa ta fari, Ludmila, tarin fuka ya riga ya kama ta tun kafin aure, har sai da aka ɗauke ta a kan kujera zuwa coci ranar ɗaurin auren a 1869. Ya kai ta ƙasashe masu ɗumi neman sauƙi, ta rasu a tsibirin Madeira a 1873. Ga bashi, ga idanunsa suna neman gazawa, alhali da su yake cin abinci. Ya sha maganin kashe zafi mai yawa da nufin kashe kansa, amai ya cece shi. A 1875 ya auri Olga Belokopytova, yarinya ƙarama da yake koya wa darasi. Da taifod ta kusa kashe ta a 1880, ya sake faɗawa cikin baƙin ciki, har ya yi wa kansa allurar jinin wani mai fama da zazzaɓin nan mai tafiya ya dawo, ya lulluɓe abin da sunan gwaji. Ya sha jinya ƙwarai, ya tashi. Olga, wadda ta rubuta tarihinsa daga baya, ta nuna cewa daga wannan jinyar ne ya fara son rayuwa. Wannan yana da muhimmanci ga fahimtar sauran labarin, domin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana neman yadda za a tsawaita kwana shi ne wanda sau 2 ya nemi gajarta nasa.

Ƙaya a Messina

Bayan kisan sarki Alexander na 2 a 1881, jami'o'in Rasha suka rikice da siyasa da 'yan leƙen asiri. Metchnikoff ya ajiye aiki a 1882. Iyayen Olga sun rasu sun bar musu gado, sai ya kwashi matarsa da ƙannenta suka tare a wani gida a bakin teku a Messina, cikin tsibirin Sisili, ya mai da falo ɗakin gwaji.

Abin da yake kallo a madubin ƙara girma jariran wata halittar teku ne mai hannu 5, wadda ake kira tauraruwar teku. Jikinsu garau yake kamar ruwa, ana ganin komai a ciki suna da rai. A cikinsu akwai wasu ƙwayoyi masu yawo daga wuri zuwa wuri, suna haɗiye duk ɗan abin da suka tarar. Wata rana a ƙarshen shekarar, iyalin duk sun tafi kallon wasan birai, shi kaɗai a gida, sai tunani ya faɗo masa: ƙila waɗannan masu yawon ba abinci kawai suke ci ba, gadi suke yi. In haka ne, duk baƙon abin da ya shiga jikin za su taru a kansa, kamar yadda mugunya ke taruwa a kan ƙaya a yatsan mutum. Ya fita lambu ya ciro ƙayoyin wardi, ya soka su a jikin jariran. Da gari ya waye ya tarar da ƙwayoyin sun yi wa ƙayoyin zobe.

Shi ya ba da labarin haka, kuma labarin ya yi kyau fiye da kima. Gaskiyar ita ce ya shafe shekaru kusan 17 yana bin ƙwayoyi masu haɗiya tun daga tsutsar Giessen, ƙayar dai ita ce ta ɗaure zancen. Amma darajar gwajin ba ta ragu ba. Jaririn tauraruwar teku ba shi da jijiyar jini. Manyan masana na Jamus a lokacin suna koyar da cewa kumburi matsala ce ta jijiyoyin jini da suka lalace suna yoyo. To ga halitta marar jijiyar jini tana yin abin da yatsan mutum ke yi. Ashe tushen kumburi shi ne taruwar mayaƙa, sauran alamomin, wato zafi da ja da raɗaɗi, hanyar kai su fagen fama ce. Wani farfesa a Vienna, Carl Claus, ya taimaka masa da suna daga harshen Girka: fagosit, ma'ana ƙwaya mai ci. Manyan cikinsu ya kira su makrofaj, manyan maciya.

A 1883 ya gabatar da ra'ayin a wani taro a Odessa. A shekara mai bi ya ƙara hujja da wani ɗan ƙwaron ruwa mai suna dafniya, shi ma mai garau ɗin jiki. Idan ƙwaron ya haɗiyi wata ƙwayar cuta mai tsini kamar allura, takan huda hanjinsa ta shiga jiki. Metchnikoff ya zauna ya kalli yaƙin da idonsa. In fagosit suka rinjayi baƙin, ƙwaron ya rayu, in baƙin suka yi musu yawa, ya mutu.

Likitoci ba su karɓa da sauƙi ba. An saba ganin ƙwayoyin cuta a cikin fararen ƙwayoyin jini, amma fassarar da aka yi wa abin ita ce cutar ta samu abin hawa ne da ke yaɗa ta a jiki. Yanzu ga wani mai nazarin halittun teku yana cewa an juya hoton. A 1886 aka ba shi shugabancin tashar binciken ƙwayoyin cuta a Odessa, likitocin garin suka sa shi gaba saboda ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Ana cikin haka wata allurar rigakafin dabbobi da ma'aikatansa suka yi, ba ya nan, ta kashe dubban tumaki. Ya riga ya gaji. Da ya je Berlin, Robert Koch ya karɓe shi a wulaƙance. Louis Pasteur kuwa, wanda shi ma ba likita ba ne, ya tarbe shi hannu bibbiyu ya ba shi ɗakin gwaji a sabuwar cibiyarsa. A 1888 Metchnikoff ya koma Paris, ya yi shekaru yana aiki ba albashi, bai kuma sake barin wurin ba har mutuwarsa. Cibiyar Pasteur ɗin nan ce wadda mazauna Yawunde da Garwa da Bangi da Dakar suka san sunanta a allunan ɗakunan gwajin jini.

A Paris ya gabatar da laccoci a 1891 kan kumburi, inda ya bi shi tun daga halittu masu ƙwaya ɗaya har zuwa ɗan Adam, aka buga su littafi a 1892. Yaƙin da Jamusawa bai ƙare ba. A 1890 Emil Behring da Shibasaburo Kitasato sun nuna cewa ruwan jini kaɗai, ba tare da wata ƙwaya ba, yana ɗauke da abin da ke karya dafin cuta, daga nan aka samu maganin mashaƙo. Aka rabu gida biyu, masu cewa garkuwa tana cikin ruwan jini da masu cewa tana hannun ƙwayoyi. Gaba tsakanin Faransa da Jamus bayan yaƙin 1870 ta ƙara wa wutar mai. Metchnikoff ya kwashe shekaru yana mai da martani ga kowace suka, har barci ya riƙa gagararsa. Daga baya aka gane kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ne: sinadaran ruwan jini suna yi wa abokin gaba alama, maciya su haɗiye shi.

Daga kwalara zuwa hanji

Lokacin annobar kwalara ta farkon shekarun 1890, ya ɗauki ruwa mai ɗauke da ƙwayar cutar ya shanye. Bai kamu ba. Wasu masu sa kai suka sha, ɗaya daga cikinsu ya kusa mutuwa, abin da ya girgiza shi har ya yi nadama. Irin wannan gwajin yau babu hukumar da za ta yarda da shi, kuma daidai ne. Amma ya bar masa tambaya: me ya sa ƙwaya ɗaya ta kayar da wani ta bar wani? Ya zargi sauran ƙwayoyin da ke zaune a hanji, wasu suna taimakon baƙuwar, wasu suna hana ta sakewa. Daga nan hankalinsa ya koma ciki.

Ya haura shekara 50, ƙodarsa da zuciyarsa sun fara ba shi tsoro, sai ya mai da tsufa abin bincike. A lokacin ba wanda ke ɗaukar tsufa a matsayin fagen kimiyya, abu ne da ake jira ya zo. Ya riƙa tara gashin tsofaffi, yana duba naman tsofaffin karnuka da aku, yana ziyartar tsofaffi yana tambayarsu yadda suke ji game da mutuwa. A madubinsa ya ga makrofaj, mayaƙan nan nasa, sun kewaye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda a jikin tsofaffi, ga tabo yana maye gurbin nama mai aiki, ga jijiyoyin jini sun yi tauri. Ya yanke cewa tsufa yana kama da doguwar cuta, inda masu gadi suka juya kan masu gida. Hatta furfura ya ce maciyan ne ke cinye baƙin gashi. A littafinsa na 1903 kan ɗabi'ar ɗan Adam ya ƙirƙiro kalmar da Faransawa ke furtawa gérontologie, wato ilmin tsufa.

Me ke tunzura mayaƙan? A nan ne ya tafi da nisa. Ya ce babban hanji ne tushen matsalar. Abinci yana daɗewa a can, ƙwayoyi masu ruɓarwa suna fitar da dafi, dafin yana tsiyaya cikin jini kullum, yana raunana nama har maciya su far masa. Ya kawo hujja daga dabbobi: tsuntsaye irin su aku ba su da babban hanjin kirki kuma suna daɗewa, jimina tana da shi kuma ba ta kai su ba in aka duba girmanta. A ganinsa babban hanji kayan gado ne da ɗan Adam ba ya bukata. Wani shahararren likitan tiyata a London, William Arbuthnot Lane, ya samu ƙwarin gwiwa daga irin wannan tunanin, ya riƙa yanke wa mutane babban hanji don maganin cututtuka iri-iri. Wasu sun mutu a tiyatar, kuma babu amfanin da aka tabbatar. Wannan tabo ne a tarihin ra'ayin, babu dalilin ɓoye shi.

Shi Metchnikoff hanya mai sauƙi ya fi so. Ya san tsami yana hana ruɓa, abin da kowace mai sayar da nono ta sani: madara ɗanya kwana ɗaya ta lalace, kindirmo kuwa ya jure. Ƙwayoyin da ke sa nono tsami suna fitar da wani sinadari da masu ruɓarwa ba sa iya zama da shi. To me zai hana a zuba su cikin hanji su kori miyagun? Ya ji labarin cewa a ƙauyukan Bulgariya, inda ake shan yogot kullum, masu shekara 100 suna da yawa. A 1904 ya yi wata lacca kan tsufa a Paris, jaridu suka ɗauka suka ƙara gishiri. A 1905 wani ɗalibin likita ɗan Bulgariya, Stamen Grigorov, da ke karatu a Geneva, ya bayyana ƙwayar da ke cikin yogot ɗin ƙasarsu. Kafin a ce me, kantunan magani a Paris da London da New York suna sayar da nono mai tsami da ƙwayoyin haɗiya da garin da aka ce yana ƙara kwana. Metchnikoff ya bari wani kamfani ya yi amfani da sunansa a kan kayansa, abin da ya zubar masa da mutunci a idon abokan aiki, ko da yake ya sha nanata cewa bai taɓa cewa nono maganin tsufa ba ne, hasashe ne da ke jiran gwaji. Masu talla ba su saurari wannan ɓangaren ba. Daga wannan guguwar ce Isaac Carasso ya fara yin yogot a Barcelona a 1919, kamfanin da ya zama Danone.

Akwai wani sashe na shawararsa da aka fi mantawa, kuma shi ya fi amfani a inda ake shan fura da nono kullum. Bai yarda da madara ɗanya ba ko kaɗan. Sai an tafasa ta, ta huce, sannan a zuba irin tsamin. Mutumin da tarin fuka ya kashe wa mata, taifod ta kusa kashe ta biyun, ya san abin da madara da ruwa ke iya ɗaukowa. Tsami ba ya ba da tabbacin kashe ƙwayar tarin fukan shanu ko ta zazzaɓin da ake ɗauka daga madarar dabbobi, tafasawa ce ke yi. Shi kansa ba ya cin ɗanyen abu, ba ya shan giya ko taba, yana shan nononsa kullum.

Abin da ya rage daga ra'ayinsa

Bayan mutuwarsa ginin ya rushe da sauri. Leo Rettger na jami'ar Yale ya nuna ƙwayar Bulgariya ba ta iya zama a hanjin mutum. Ƙididdigar masu shekara 100 a ƙauyukan da ba a rubuta ranar haihuwa ba abin dogaro ba ce, kamar yadda a garuruwanmu ake ba tsoho shekara 120 don girmamawa. Wadda aka tabbatar ta fi kowa daɗewa da takardu, Bafaranshiya Jeanne Calment, shekara 122 ta yi, ta rasu a 1997. Furfura kuwa an gano ƙwayoyin da ke yin launin gashi ne ke ƙarewa. Babban hanji ma ba kayan banza ba ne, ƙwayoyin cikinsa suna narkar da abin da ciki ya kasa, suna kuma horar da garkuwar jiki.

Sai dai a shekara ta 2000 wani masanin garkuwar jiki ɗan Italiya, Claudio Franceschi, ya haɗa kalmomin kumburi da tsufa ya ba wani yanayi suna. Kumburi ne marar ƙarfi, marar zafi, wanda ba a gani da ido, sai a gwajin jini, inda sinadarai irin su IL-6 da CRP ke hauhawa a hankali yayin da shekaru ke ƙaruwa. An danganta shi da ciwon zuciya, ciwon suga, raunin tsoka da mantuwar tsufa. Makrofaj suna tsakiyar labarin, har cikin kitsen da ke toshe jijiyoyin jini. Abin da Metchnikoff ya hango ke nan da madubinsa na ƙarni na 19.

Rage wannan kumburin kuwa ya zama abu mai kaifi biyu, kamar yadda aikinsa na farko ya nuna. A wani babban gwaji mai suna CANTOS da aka buga a 2017, an ba mutum fiye da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya allurar da ke toshe wani sinadarin kumburi. Matsalolin zuciya sun ragu da kusan kashi 15 cikin 100, amma masu mutuwa da cututtuka masu yaɗuwa sun ƙaru, jimillar mace-mace kuma ba ta sauya ba. An kwance wa mai gadi makami, ɓarawo ya samu ƙofa. Gwajin ASPREE na 2018, kan tsofaffi masu lafiya fiye da 19,000, ya nuna shan asfirin kullum bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai zubar jini da ya ƙaru. Ya kamata wannan ya sa a yi tunani kan dattawan da ke haɗiyar diklofenak da ibuprofen na kasuwa safe da yamma saboda ciwon gwiwa, magungunan da ke cin ƙoda da ciki idan aka daɗe a kansu. Abubuwan da aka fi samun hujja a kansu ba sa sayuwa a kwalba: motsa jiki, barin taba, rage teɓa, kula da suga da hawan jini, da gyaran haƙora da dasashi.

Nonon fa? A 2021 masu bincike a jami'ar Stanford suka sa mutum 36 a gwaji na mako 10. Waɗanda suka yawaita abinci mai tsami irin su yogot sun samu ƙarin nau'o'in ƙwayoyi a hanji, sinadaran kumburi 19 kuma suka ragu a jininsu. Sakamako ne mai daɗin ji, amma mutanen kaɗan ne, lokacin gajere ne, ba kuma tsawon rai aka auna ba. Wani binciken na 2025 ya ƙara dagula lissafin: an samu kumburin tsufa a mutanen Italiya da Singapore, amma a ƙabilar Tsimane ta Bolibiya da Orang Asli ta Malesiya, masu fama da cututtuka da tsutsar ciki, kumburin yana da yawa tun ƙuruciya kuma ba ya hauhawa da shekaru ta hanya ɗaya. Don haka abin da aka auna a Bologna ba dole ne ya zama hoton tsohon da ke noma a ƙauye ba.

Shekarun ƙarshe

Duk hayaniyar nonon ba ta hana shi wani aikin ba. Shi da Émile Roux sun yi nasarar sa wa birai cutar tunjere a 1903, abin da ya buɗe hanyar gwada magunguna a kanta. A 1904 ya zama mataimakin shugaban Cibiyar Pasteur. A 1908 aka ba shi lambar Nobel, aka raba ta tsakaninsa da Bajamushe Paul Ehrlich na ɓangaren masu ruwan jini, kamar dai alƙalan suna cewa a sasanta.

A 1909 ya ziyarci marubuci Leo Tolstoy a gidansa na Yasnaya Polyana. Akwai abin da ya haɗa su. Yayan Metchnikoff, Ivan Ilyich, ma'aikacin shari'a ne da ya mutu a 1881 yana da shekara 45, kuma mutuwarsa ce Tolstoy ya gina shahararren labarinsa a kai. Sun yini tare cikin mutunci, ba su daidaita ba. Tolstoy yana ganin amsar tsoron mutuwa tana cikin imani da gyaran hali. Metchnikoff, wanda bai yarda da addini ba, yana ganin tsoron yana zuwa ne don mutane suna mutuwa da wuri. A tunaninsa, wanda ya rayu cikakkiyar rayuwa cikin lafiya har ya wuce 100 zai ji sha'awar mutuwa ta zo masa kamar yadda barci ke zuwa wa wanda ya yini yana aiki. Ya nemi wannan jin a wurin tsofaffi da yawa, da ƙyar ya samu alamarsa.

A 1913 zuciyarsa ta buga. A 1914 yaƙin duniya ya ɓarke, matasan ɗakin gwajinsa suka tafi fagen daga, aka kashe dabbobin gwaji saboda ba mai ciyar da su. Mutumin da ya yi imani cewa ilmi zai gyara duniya ya ga ƙasashen da suka fi kowa ilmi suna yanka junansu, wannan ya karya shi fiye da ciwon. Daga ƙarshen 1915 ya kwanta, aka ɗauko shi daga gidansa na Sèvres zuwa asibitin cibiyar, daga baya aka mai da shi ɗakunan da Pasteur ya zauna. Ya riƙa rubuta yadda ciwon ke tafiya a jikinsa, kamar yana kallon dafniya. Ya san za a yi masa dariya, mai wa'azin tsawon rai zai tafi da wuri, don haka ya tunatar cewa ya fara tsarin nasa a makare, bayan ya wuce 50, kuma cikin iyayensa da 'yan'uwansa babu wanda ya kai shekarunsa.

Ya rasu ranar 15 ga Yuli, 1916, yana da shekara 71. Kafin ya cika ya roƙi abokin aikinsa, likita Alexandre Salimbeni, da ya buɗe gawarsa ya duba hanjin da kyau. Bisa wasiyyarsa aka ƙona gawar, aka zuba tokar a cikin wani tulun dutse, aka ajiye a ɗakin karatu na Cibiyar Pasteur, inda take har yanzu. Olga ta buga tarihinsa a 1920, ta rayu har 1944.